Kambu 18, in ji mutanen Tuskalusa

Ɗan yayata ne ya ja ni wannan tafiya. Yana karatun digiri na uku a Jami'ar Alabama da ke garin Tuskalusa, matarsa ta haihu, uwarsa kuma ba ta samu biza ba. Ni ina da biza a fasfo tun wani taro da bai yiwu ba, sai dangi suka ce Kawu ya je ya ga jariri a madadin kowa. Na tashi daga Kano tsakiyar watan Oktoba na 2023, lokacin da dala ta haura naira dubu a Wapa, don haka duk abin da na saya a can sai na ninka shi a zuci, na ji ƙirjina ya yi nauyi.

Daga Legas zuwa Atlanta awa goma sha biyu da wani abu ne a sama, babu abin faɗi sai ciwon gwiwa. A wajen kwastam ne aka yi ta. Wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna kusa da jakata kamar wanda aka aiko. Da ma na rubuta a takarda cewa ina ɗauke da abinci, shi ya cece ni daga tara. Ma'aikaciyar kwastam ta buɗe, ta shinshina kuka, ta juya busasshiyar kuɓewa, ta bar mini su da yaji. Da ta zo kan kilishin da yayata ta ɗaure da takarda ninki uku, sai ta ce nama ba ya shiga. Ina kallo ta jefa shi a kwandon shara, ta kuma yi mini murmushi ta ce barka da zuwa. Yaron da ya ji labari a waje ya fi ni jin ciwo, domin wata biyu yana mafarkin kilishin nan.

Mun kwana biyu a Atlanta wajen wani abokinsa ɗan Zariya. Ranar Alhamis yaron ya ce, "Kawu, ranar Asabar akwai wasa a makarantarmu, na sama mana tikiti. Amma in ban kai ka wani wuri ka gani ba tukuna, ba za ka gane abin da za ka kalla ba." Ya kai ni gidan tarihin ƙwallon jami'o'i da ke tsakiyar birnin, kusa da dandalin tunawa da gasar Olamfik ta 1996. Ƙwallon da suke nufi ba tamu ba ce, irin zari-rugar nan ce ta Amurka da ake sa hular kwano da kafaɗun roba. Kana shiga sai bango ya tare ka, tsayinsa ya kai bene hawa uku, an jera hulunan kwano fiye da 700, kowace jami'a da tata. A ƙofa ana tambayarka ƙungiyar da kake goyon baya, sai hularta ta kama haske a bangon. Na ce musu Kano Pillars. Yarinyar ta duba kwamfuta ta ce ba ta gan ta ba.

A nan na fara jin tarihin. Wasan farko tsakanin jami'o'i an yi shi ne ranar 6 ga Nuwamba 1869, Rutgers ta ci Princeton 6 da 4. Shekara 150 da ɗoriya ke nan. Sai na yi tambayar da duk ɗan ƙwallo zai yi: to wa ya fi ɗaukar kofi? Yaron ya yi dariya ya ce ya danganta da wanda ka tambaya. Princeton na cewa tana da 28, Yale na cewa 27, yawancinsu tun zamanin da kakanninmu ba su ga Bature ba. Na ce ba abin da suke cewa nake tambaya ba, abin da hukuma ta rubuta. Ya ce ai nan gizo ke saƙar: hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, ba ta ba da kambu a babban rukunin wannan wasa. Ƙungiyoyin sun fi 130, kowace tana buga wasa goma sha biyu a kaka, ba yadda za a yi kowa ya haɗu da kowa. Saboda haka tun 1936 kamfanin dillancin labarai na AP ke tara 'yan jarida su jefa ƙuri'a su faɗi zakara. A 1950 masu horarwa suka fara tasu ƙuri'ar. Ga kuma masu lissafi da kowannensu ya ƙirƙiro tasa dabarar auna ƙarfi. In sun dace, falillahil hamdu. In sun saɓa, sarki biyu a gari ɗaya. Sai a 1998 aka kafa tsarin da duk shekara yake haɗa na ɗaya da na biyu su kara, sai kuma 2014 aka koma ƙungiya huɗu, waɗanda su ma wani kwamiti ne yake zama a ɗaki ya zaɓa.

Na ce masa wannan ba gasa ba ce, nadin sarauta ne, har da masu zaɓen sarki. Pillars ta ci gasar Najeriya a 2008, 2012, 2013 da 2014, ko maƙiyinta bai isa ya ce ba haka ba, tebur ne ya nuna.

Da asubar Juma'a muka kama babbar hanya mai lamba 20 muka yi yamma. Mil 200 ne, wajen kilomita 320, kamar ka tashi daga Kano ka wuce Kaduna da kyau. Awa uku ba shinge ko ɗaya, ba mai ɗaga maka hannu ya ce a ba yara na ruwa. Sau biyu na hango motar 'yan sanda a laɓe cikin itatuwa, yaron ya sassauta ƙafa tun kafin in yi magana. Muna shiga jihar Alabama agogon wayata ya ja baya da awa ɗaya da kansa. Daji ne na dogayen itatuwa hagu da dama, sai allunan lauyoyi masu neman wanda ya yi hatsari, sai coci bayan coci.

A Birmingham na sa shi ya kauce hanya. Akwai wani tsohon fili a can, Legion Field, inda Alabama ta daɗe tana buga manyan wasanninta. Ni ba don su na je ba. A filin nan ne Najeriya ta ci Meziko 2 da nema a Olamfik ta 1996, a kan hanyarta ta doke Brazil da Ajantina ta ɗauko zinare, da su Tijjani Babangida da Garba Lawal a cikin tawaga. Na kalli wasannin nan da tsakar dare a talabijin ɗin maƙwabcinmu. Filin a rufe yake, ya tsufa, unguwar ma da gani ba ta masu kuɗi ba ce. Na tsaya bakin waya na ɗauki hoto, yaron da ba a haife shi ba a lokacin yana ta duba agogo kada mu rasa Juma'a.

Mun samu salla a ƙaramin masallacin Tuskalusa, Larabawa da 'yan Pakistan da baƙaƙen Amurka da mu 'yan Afirka ta Yamma, sahu bai fi goma ba. Na ga jariri, na yi masa addu'a, na miƙa saƙon dangi ban da kilishi. A falonsu na kwana kan katifar da ake hura wa iska, domin a ƙarshen makon da ake wasa ɗakin otal da aka saba kamawa dala 100 sai ya ninka uku ko huɗu, kuma wai sai ka biya kwana biyu.

Da yamma ya kai ni gidan tarihin Paul Bryant, wanda suke kira Bear. Shi ne kocin da ya riƙe ƙungiyar daga 1958 zuwa 1982, ya ci wasa 323 a rayuwarsa ta horarwa, ya kawo musu kambu shida, ya rasu a Janairun 1983, mako huɗu bayan wasansa na ƙarshe. An kwaikwayi ofishinsa da teburinsa da wayarsa. Akwai hular malafar da ya shahara da ita, mai zanen baƙi da fari kamar zabuwa, har an ƙera wata da gilashi mai tsada an sa a akwati. Zanen hular nan yana ko'ina a garin: a siket ɗin mata, a laima, a wuyan kare. Na ga wata tsohuwa ta tsaya gaban hotonsa tana share ido.

Daga nan muka taka zuwa bakin filin wasan, Bryant-Denny. Yana cin mutum dubu ɗari da 'yan kai, kusan yawan mutanen garin gaba ɗaya. Babban filinmu na Abuja dubu sittin yake ɗauka, wannan kuwa na makaranta ne. A ƙofar arewa an tsayar da gumakan tagulla na koci biyar da suka ci kambu: Wallace Wade, Frank Thomas, Bryant, Gene Stallings, da Nick Saban, wanda a lokacin yana kan aiki, albashinsa ya haura dala miliyan 11 a shekara, ya fi na gwamnan jihar nesa ba kusa ba. An sassaƙa shekarun nasara a dutse. Na bi ina ƙirgawa daga 1925 har 2020, 18 cif.

Ina tsaye gaban Frank Thomas ina karanta 1934 da 1941 sai wani dattijo Bature mai riga ruwan lemo, ɗan Tenesi, waɗanda za a kara da su gobe, ya matso ya nuna 1941 da sandarsa. Ya ce, "Baƙo ne kai? To tambaye su wannan." Yaron ya sunkuyar da kai yana murmushi. A hanyar gida ya warware mini. A 1941 Alabama ta sha kashi sau biyu, a hannun Mississippi State da Vanderbilt, ko ƙwallo ɗaya ba ta ci ba a wasannin biyu. Ta zo ta uku a yankinta, ta 20 a ƙuri'ar AP. Minnesota ce ta cinye wasanninta takwas duka, ita kowa ya sani. Amma lissafin wani mutum mai suna Houlgate ya ɗora Alabama a sama. Ba wanda ya damu da wannan sai a shekarun 1980, da jami'in yaɗa labaran wasanni na jami'ar, Wayne Atcheson, ya tono tsofaffin takardu ya ƙara kambu biyar na kafin zamanin Bryant a littafin ƙungiyar. Huɗu daga ciki suna da hujja, musamman na 1925, da suka je Rose Bowl, babban wasan ƙarshen kaka, suka ci Washington 20 da 19 lokacin da ake raina ƙwallon Kudu. Na 1941 kuwa, ni dai a ganina kirarin maroƙi ne, wanda zai ce maka jikan sarki alhali kakanka dogari ne.

Asabar tun ƙarfe tara garin ya rine ja. Mun bar mota a tsakar gidan wata mata da ta mai da ciyawarta tasha, dala 40. Tsakiyar makarantar akwai fili mai manyan itatuwa, an kafa rumfuna ɗaruruwa, kowace da talabijin da janareta da murhun gashi. Ka ce hawan Daushe ne aka haɗa da cin kasuwar Wudil. Gaisuwarsu ɗaya ce, "Roll Tide", ita ce sannu, ita ce na gode, ita ce sai an jima. Alamar ƙungiyar giwa ce, abin da ya ba ni dariya a ƙasar da babu giwa sai a gidan zu. Hayaƙin gashi ya cika ko'ina, amma kusan duka haƙarƙarin alade ne. Duk rumfar da muka gifta sai an miƙo mana faranti, yaron yana ba da haƙuri.

A wata rumfa wani dattijo baƙar fata, wanda ya ce ya yi ritaya daga masana'antar taya, ya ji uzurinmu, sai ya sa matarsa ta soya mana tarwaɗa a tukunya dabam. An birkiɗe ta da garin masara, ga wani ganye mai kama da kabeji da aka dafa, wanda yaron ya hana ni taɓawa don da naman alade ake ɗanɗana shi. Tarwaɗar ta yi daɗi, sai dai ba yaji. Na zaro ƙullin yajina daga aljihu na barbaɗa, dattijon ya ɗanɗana, ya yi tari har hawaye, ya ce a bar masa sauran.

Shi na yi wa tambayar 1941. Ya kaɗa hannu ya ce a cire ta, bai damu ba, amma a ba su 1966. A shekarar Alabama ta ci wasanninta 11 duka, ta lallasa Nebraska 34 da 7 a wasan ƙarshen kaka na Sugar Bowl, ga shi ita ce zakara shekara biyu a jere kafin nan. Notre Dame da Michigan State suka yi kunnen doki 10 da 10, Notre Dame ma ta ƙi kai hari a mintunan ƙarshe don kada ta yi asara, amma masu ƙuri'a suka ba ta na ɗaya, Alabama ta uku. Na ce to me ya sa? Ya yi shiru kaɗan, ya juya kifi, ya ce a lokacin duk ƙasar na kallon Alabama a talabijin ana sakar wa baƙaƙe karnuka, ƙungiyar kuma babu baƙi ko ɗaya a cikinta, mutane da yawa sun yi imani wannan ya shiga cikin ƙuri'ar. Ya ce, "An zalunce su. Amma a 1966 ni ko kujera mai kyau ba zan samu a filin nan ba. Ka ga ina son ƙungiyar, ina kuma tuna wannan." Sai a 1971 baƙar fata na farko, John Mitchell, ya buga musu wasa.

Wani saurayi a rumfar, surukinsa, ɗan Auburn ne, babbar abokiyar gabarsu a jihar. Shi ya ɗauko sauran tuhumar yana lanƙwasa yatsu. A 1964 an gama ƙuri'a kafin wasan ƙarshe, aka naɗa Alabama, sai Teksas ta ci ta 21 da 17, alhali Arkansas ta ci Teksas ɗin kuma ba wanda ya ci ta duk shekarar. A 1973 haka aka sake: masu horarwa suka naɗa ta, Notre Dame ta zo ta ci ta 24 da 23. A 1978 ta raba kambu da USC, Jami'ar Kudancin Kalifoniya, wadda ta zo har Birmingham ta ci ta 24 da 14. Dattijon ya ce ai dokar lokacin ke nan, ba su suka rubuta ta ba. Saurayin ya ce to su Auburn fa, da suka ci wasa 13 ba faɗuwa a 2004 aka hana su ko shiga wasan ƙarshe? Murya ta fara tashi, matar ta ce duk wanda ya ƙara ambaton wata shekara ba zai ci kek ba. Gardamar nan na san ta, ita ce ta teburin mai shayi tsakanin ɗan Madrid da ɗan Barcelona, sai dai su nan jika yana gadonta daga kaka kamar gona.

Tikitinmu dala 150 kowanne, na sayen hannu, can ƙololuwa inda 'yan wasa suke kamar tururuwa. Ba a shiga da jaka sai mai nuna abin da ke ciki. Ruwan gora dala biyar, na sha shi da lissafi. An fara biyu da rabi. Mutum goma sha ɗaya ne kowane gefe, ana ba ka dama huɗu ka ci yadi goma, in ka kai ƙwallo gidan abokan gaba maki shida. Wasan minti sittin ne a agogo amma ya ci fiye da awa uku, domin daƙiƙa biyar ake gwabzawa a tsaya a yi shawara, a kuma jira talla ta ƙare a talabijin. Da farko na gaji. Abin da ya tashe ni shi ne ƙara: in Tenesi ke riƙe da ƙwallo, mutum dubu ɗari su kwarma ihu don kada 'yan wasanta su ji umarnin junansu, siminti yana rawa a ƙarƙashin ƙafata.

Aka tafi hutu Tenesi na da 20, Alabama 7. Wajen ya yi tsit kamar gidan makoki, domin bara Tenesi ta ci su 52 da 49 bayan shekara goma sha biyar tana shan kashi, har magoya bayanta suka tuge ƙarafan gola suka jefa a kogi. Mu muka sauka muka sami wani lungu bayan matakala muka yi La'asar kan rigar sanyin yaron. Wani ma'aikaci ya tsaya nesa kaɗan yana karkatar da masu wucewa har muka sallame, bai ce mana komai ba, mu ma ɗaga hannu kawai muka yi masa.

Da aka dawo kamar an canza mutane. Alabama ta ci 27 a jere, Tenesi ko ɗaya. Kusa da ƙarshe aka make mai rabon ƙwallon Tenesi ta suɓuce masa, Jihaad Campbell ya sure ta ya ruga har gida. Wani ƙato da ban taɓa gani ba ya rungume ni ya ɗaga ni sama, hulata ta faɗa layi uku a ƙasa, aka miƙo mini ita hannu da hannu. An tashi 34 da 20. Sai na ga kowa yana zaro wata tabar sigari mai kauri kamar rake, maza da mata, tsofaffi da ɗalibai. Al'ada ce, wai duk shekarar da aka ci Tenesi sai an busa. Cikin minti biyar hayaƙi ya rufe filin kamar hazon Disamba a Kano, a wurin da aka rubuta an hana shan taba. Na toshe hanci da hular muka nemi ƙofa. Awa biyu muka yi kafin mota ta fita daga unguwar.

Lahadi garin ya koma kamar an share. Yaron ya zaga da ni Foster Auditorium, wani zauren taro na jami'ar, inda gwamna George Wallace ya tsaya a bakin ƙofa ranar 11 ga Yuni 1963 don hana Vivian Malone da James Hood rajista saboda launin fatarsu. Yanzu dandalin wajen sunansu yake ɗauke da shi. Tafiyar minti kaɗan ce daga filin da jiya na ga mutum dubu ɗari suna kiran sunayen samari baƙaƙe kamar za su haɗiye su don so. Yaron ya tura keken jaririn har bakin ƙofar, na ɗauke su hoto na tura wa uwarsa.

Na yi mako biyu na dawo. A tashar jirgin Atlanta na sayi hula ja mai lamba 18 a goshi, dala 30, na ce tsarabar kaina.

Farkon Disamba ina shago sai ga kiran yaron. "Kawu, an sake!" Florida State ta ci wasanninta 13 duka, amma mai rabon ƙwallonta ya karye a ƙafa, sai kwamiti ya tsallake ta ya ɗauki Alabama, wadda Teksas ta ci a gida a watan Satumba, cikin huɗun da za su nemi kambu. Ya ce garinsu ana murna, Filorida kuwa har 'yan siyasa sun shiga maganar. Na ce ka gaida mini surukin mai tarwaɗa, ya samu sabon yatsan lanƙwasawa. Ranar 1 ga Janairu Michigan ta fitar da Alabama 27 da 20, ta je ta ɗauki kambun, bayan kwana kaɗan Saban ya ajiye aiki. Daga kakar 2024 aka faɗaɗa gasar zuwa ƙungiya 12, har yanzu kuma kwamiti ne ke jera su.

Hular tana nan, ina sa ta in zan je kallon Pillars saboda rana. Rannan a Ƙofar Mata wani abokina ya ƙura mata ido ya ce, "Alhaji, 18 ɗin nan ta mece ce?" Na ce kofunan da wata makaranta ta ci ne. Ya ce duka? Na ce sha bakwai dai, ɗayan sai mun zauna. Kafin in fara alƙali ya busa, muka juya ga fili.